Abin da Na Rubuta Ta Bayan Littafin

Littafina na farko ya iso Karaye ne a bayan wata a-kori-kura, ƙunshi biyu ɗaure da igiyar rama, an cusa su tsakanin buhunan gishiri. Ni da kaina na hau na sauko da su, don ban yarda direba ya taɓa mini su da hannunsa mai baƙin mai ba. Ranar nan kaina ya kumbura har ina jin hulata ta yi mini kaɗan.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo. Zamanin ne da ƙananan littattafai suka fara kwararowa daga Kano, yara suna ɓoye su cikin littafin lissafi suna karantawa ana tsakiyar darasi. Nakan ƙwace, in yi musu faɗa har da nuni da yatsa, sannan in tafi da su gida in karance tas kafin in mayar. A nan ne zuciyata ta raya mini cewa ni ma zan iya, kuma zan rubuta abin da ya dace da shekarunsu. Sai na tsara labarin wani yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya yi ƙarya aka hukunta ɗan'uwansa, abin ya yi ta cinsa har ya tashi ya faɗi gaskiya a gaban kowa. Yaron cikin labarin ya fi ni zuciya, shi ya sa ma na ƙirƙiro shi.

Labarin nawa ne, kaina ya faru. Gidanmu yana wajen Rogo Ruma, Fulani ne mu da suka zauna, muna noma dawa muna kiwo. Mahaifinmu, wanda muke ce wa Baffa, bai so boko ba. Da aka matsa masa ya ba da mu biyu, ni da yayana, bisa sharaɗin duk ranar da babu makaranta muna bayan shanu. Rana ɗaya muka shiga aji ɗaya, ko da yake Yaya ya girme ni da shekara uku. Ya kuma fi ni kai nesa ba kusa ba. Lissafin da zan yi ta gumi a kansa da tsinke a ƙasa, shi a ka yake yinsa yana tafiya.

Wata Asabar a ƙarshen damina, muna aji biyar, gyaɗa ta kusa isa cira. Kiwon ranar na Yaya ne, ni kuma aka aike ni in kai masa fura. Na same shi da wani maraƙi da ya gurɗe a ƙafa. Ya miƙa mini sandarsa, ya ce in tsaya da garken ya kai maraƙin gida ya dawo. Yana ba da baya na ji ƙugin katafila a hanyar da ake gyarawa, ni kuwa ban taɓa ganin katafila ba. Na ce bari in leƙa in dawo. Kafin in dawo, shanu sun shiga gonar gyaɗar maƙwabcinmu sun yi mata kaca-kaca.

Da Baffa ya tambaye ni, na ce ni fura na miƙa na juyo, ba wanda ya ba ni sanda. Yaya ya ce, sau ɗaya tak, "Na bar masa su." Baffa ya dube ni, na fashe da kuka, na rantse. Aka tara mutane a zauren dagaci, Baffa ya ba da bijimi guda a bakin gyaɗar. Da ya dawo gida ya yi wa Yaya dukan da ban taɓa ganin ya yi wa ko jaki ba, ya ce wanda bai iya tsare shanu ba ya zauna har sai ya iya. Daga ranar Yaya bai sake taka makaranta ba. Ni na wuce har kwalejin horon malamai.

Shekara goma sha huɗu Yaya bai tayar mini da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Baffa kuwa duk inda aka zauna sai ya ce ɗansa malami bai taɓa yi masa ƙarya ba. Babu abin da nake tsoro a duniya kamar ranar da zai daina faɗin haka.

Mu da muka tashi lokacin da littafin rubutu yake da daraja, ba ma barin shafi ya tafi a banza. Ka yi lissafi ta gaba, ka kifa littafin ka yi tarihi ta baya, su je su haɗu a tsakiya. Har na zama malami ban bar wannan ɗabi'a ba. To, da na zo daidai inda yaron cikin labarina zai faɗi gaskiya, sai alƙalami ya tsaya cak. Kwana huɗu ban iya sa masa magana ko ɗaya a baki ba. Rana ta biyar, lokacin hutun tara a ɗakin malamai, na kifa littafin na rubuta abin yadda ya faru, ba ado ba kwana-kwana. Na sa sunan ƙauyenmu, da na mai gonar, da na Yaya, har da launin bijimin. Don kaina na rubuta, in ga yadda irin wannan magana take fita daga bakin mutum. Dabarar ta yi aiki kuwa, washegari na ƙarasa labarin. Daga nan na mance da shafukan nan sarai, don dama ba abin da nake son tunawa ba ne.

Da aka yi hutu na ɗauki littafin rubutun sukutum na kai Kano, wurin wani mai buga littattafai da abokina na kwaleji ya kwatanta mini. Dattijo ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, shagonsa a wani lungu, sai warin tawada. Ya buɗe ta gaba, ya ƙirga shafuka da yatsa yana lasa, ya ce in dawo bayan mako uku in duba aikin kafin a buga.

Na dawo kuwa. Kuskuren da ya yi, bango ya fara miƙo mini. An zana yaro da sanda, a bayansa shanu da suka fi kama da awaki, sai ga sunana da jan rubutu daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya turo mini tarin takardun da aka buga da keken rubutu.

"Malam, a duba da kyau. In ya shiga inji ba gyara."

Na karanta shafi biyu na farko, na yi ta juya sauran, idona yana kan bangon. Na ce, "Ya yi, Alhaji. Madalla."

"Ka ci sa'a ma," in ji shi, "ya cika daidai, ba shafin da ya tafi a banza."

Ban tambaye shi abin da yake nufi ba. Marubuci guda kamar ni, ina zan tsaya tambaya a gane ban san aiki ba?

Ranar da littattafan suka iso Karaye, tun a tasha na zare biyar na ba direban nan, tun da zai wuce Rogo, na ce ya ajiye a wani kanti inda ƙanwata take biyawa in ta taso makaranta. Na haɗa da 'yar takarda: ki riƙa karanta wa Baffa babi ɗaya kullum bayan la'asar. So nake ya ji abin da ɗansa ya zama. Sauran na kai wa mai sayar da littattafai a kasuwa, wasu na bar su a makaranta. Nawa kuma na jingine shi a kan tebur yadda duk wanda ya shigo zai ga bangon. Ban buɗe shi ba. Me zan karanta, ai ni na rubuta.

Kwana tara bayan nan, ina tsakiyar darasi a aji uku, wata ɗaliba 'yar Unguwar Hajji ta ɗaga hannu. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta cikin masu neman magana.

"Malam, don Allah in yi tambaya?"

"Ina jinki."

"Yayan naka yana nan da rai?"

"Wane yaya?"

"Wanda aka cire daga makaranta saboda kai."

Na juya ga 'yan ajin. Na duba fuskokinsu, ba wanda ya yi mamakin tambayar, duk jira suke su ji amsa. Na ce mata wa ya gaya mata wannan magana. Ta sa hannu cikin jaka ta fito da littafina, gefensa har ya fara lanƙwashewa don yawan hannuwan da ya bi.

"Ai kai ka faɗa, Malam. A ƙarshe."

Na karɓa na buɗe ta baya. Bayan inda labarin ya ƙare, sai ga wani shafi an zagaye shi da zanen furanni, a samansa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa daga bakin marubuci. Ga sunan ƙauyenmu. Ga sunan mai gona. Ga sunan Yaya. Ga inda na ce, ni na bar shanu na tafi kallon katafila, ni na rantse a kan ƙarya. Shafi uku cif, ba a rage ko waƙafi ba. Na tuna na nemi kujera na zauna, alli yana hannuna, na matse shi har ya karye ban sani ba.

Daga baya ne dattijon nan mai buga littattafai ya yi mini bayani, shi kansa yana salati. Takardarsu babba ce, shafi sha shida take ɗauka, a naɗe a yanke. Labarina ya ƙare ya bar shafi uku fari fat, su kuma abin kunya ne su fitar da littafi da farin shafi. Mai buga musu keken rubutu ya kifa littafin nawa ya ga rubutu da hannuna, ya ɗauka jawabin rufewa ne na ajiye a can. Har yabawa ya yi, wai ya fi labarin daɗi. Kuma an miƙa mini, da bakina na ce ya yi.

Amma a ranar ba ta bayani nake ba. Abu ɗaya ne a kaina: littafi biyar suna gidanmu, kuma ni na ce a karanta wa Baffa.

Na bar ajin ba sallama, na roƙi shugaban makaranta aron babur ɗinsa. Ya dubi fuskata, bai tambayi komai ba, ya miƙo makulli. Ina ganin shi ma ya karanta. A hanyar Rogo na yi ta lissafi ina kwantar wa kaina da hankali. Babi goma sha biyu ne. A ce littattafan sun kwana biyu a kanti, to yau suna babi na bakwai. Da sauran kwana biyar. Zan isa, in ce na zo gaisuwa, in karɓi biyar ɗin in yage shafukan, shi ke nan. Ban ma yi tunanin sauran da ke yawo a hannun mutane ba, kamar Karaye da Rogo wata uwa duniya ce. Ko a lokacin ba gyara nake nema ba, rufewa nake nema.

Na isa gida bayan azahar. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune tana wanke ƙwarya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago ba. Na tambayi Baffa, ta ce in tambayi wadda na ba aikin karatu. Ƙanwata ta fito daga ɗaki idonta a kumbure.

"Kuna babi na nawa?" na tambaye ta, ko gaisuwarta ban amsa ba.

"Mun gama jiya, Yaya Malam."

"Babi ɗaya fa na ce kullum!"

"Shi ya ce da daɗi. Wata rana biyu, wata rana uku. Har maƙwabta yake kira su zo su ji."

"Har ƙarshe kika karanta?"

"Da na ga sunan Yaya na tsaya. Wallahi na tsaya. Ya ce in ci gaba. Da na gama ya sallami mutane, ya ce in sake masa daga farkon shafin, a hankali. Bai ci abinci ba tun jiya. Ɗazu yana idar da salla ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan Yaya."

Na ce, "Gidan wa?" don na ɗauka kunnena ne.

Wanda ba a cikinmu ya tashi ba, ba lalle ya gane abin da ya sa jikina ya yi sanyi ba. Yaya ɗan fari ne. A wurinmu uba yana kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya zama da shi tabarma ɗaya. In Baffa yana nemansa sai dai ya ce a kira masa wancan. Tun da Yaya ya yi aure ya kafa gidansa a tsallaken rafi, Baffa bai taɓa sa ƙafa a ciki ba, ko ranar sunan jikokinsa.

Na bar babur ɗin na bi shi da ƙafa, rabi tafiya rabi gudu. Na tsallake rafin da takalmina. Da na iso bakin dangar gidan sai na kasa shiga, na tsaya ina hange ta tsakanin kara.

Baffa yana tsaye a tsakar gida. Da alama bai daɗe da shiga ba, don Yaya yana nan zaune da igiyar da yake tufkawa a hannu, ya kasa tashi ya kasa ci gaba. Matarsa ta tsaya da ƙwarya a ka, 'ya'yansa uku sun daina wasa. Sai na ga Baffa ya ajiye sandarsa a ƙasa. Ya dafa gwiwa, ya sauka a hankali, ya tsuguna a gaban ɗansa. Sannan ya kira sunansa.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba.

Da Fillanci ya yi magana, kuma bai ja ta ba. "Ka faɗa mini gaskiya ban ji ba. Na dake ka a kan gaskiyarka. Na raba ka da karatu, alhali ka fi kowa kai a gidana. Ka yafe mini tun ina da rai."

Yaya ya saki igiyar ya zube, har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa, don kada kansa ya fi na Baffa tsawo. Ya kawar da fuska gefe. "Baffa, tashi. Don girman Allah ka tashi." Matarsa ta ajiye ƙwaryar ta kwashi yaran ta shige ɗaki ta ja ƙyaure.

"Ba zan tashi ba sai na ji."

"Ba ka yi mini komai ba."

"Na yi. Faɗa."

Sai da Yaya ya faɗa, sannan tsohon ya lalubi sandarsa ya miƙe da ƙyar. Yaya ya kai hannu zai tallafe shi, ya fasa. Baffa ya fito ta ƙofar da nake tsaye, ba inda zan ɓuya. Na zube na gaishe shi da Fillanci, yadda na saba tun ina yaro.

Ya tsaya, ya amsa mini da Hausa. "Lafiya lau, malam. Ya hanya? Ya mutanen Karaye? Madalla. A sauka lafiya." Gaisuwa cikakkiya, ba abin da ya rage, irin wadda yake yi wa baƙon da ya tare shi a kasuwa. Ya wuce yana dogara sanda. Da mari ya wanka mini da ya fi mini sauƙi.

Ina nan tsugune Yaya ya fito. Ya share fuska da hannun rigarsa, ya dube ni, bai yi mamakin ganina ba. Ya ce in tashi. Muka taka har bakin rafi. Shanunsa suna can gefe suna kiwo. Na lura da furfura a gemunsa, mutumin da shekara uku kawai ya ba ni.

"Yaya," na ce, "ka yafe mini."

"Maganar gyaɗar nan? Na yafe maka tun kafin ka tafi kwaleji. Yaro ne kai, ka ji tsoro." Ya tsinki ciyawa ya yar. "Ka san abin da ya sa ban sake faɗa ba? Don kada wata rana tsohon nan ya ji kunyata. Shekara goma sha huɗu ina tsare masa wannan. Yau ya tsuguna mini a gaban matata da 'ya'yana."

"Wallahi ban yi nufi ba, Yaya. Ni ban ce a buga ba. Ta bayan littafi na rubuta, don kaina. Mai bugawa ne ya gani ya haɗa, ni ban ma sani ba sai yau."

Na faɗi haka ina ganin zai rage mini laifi. Sai na ga ya juyo gaba ɗaya ya zuba mini ido, kamar yanzu ne na faɗi abin da ya ba shi mamaki.

"Au, ba kai ka sa ba?"

"Ba ni ba ne."

"Ni da na ji labari jiya, ce nake ka gaji da riƙewa ne. Na ce a raina, hanyar ba ta yi kyau ba, amma dai ƙanena ya yi ta maza." Ya gyara sandar a kafaɗa. "To da ba a buga ba fa? Yaushe ka yi niyyar faɗa masa?"

Na buɗe baki. Na nemi rana ɗaya da zan ambata, ko salla, ko kaka, ko in an yi hutu, na rasa, don babu ita. Ya jira ni har jiran ya yi tsawo. Sannan ya gyaɗa kai, ya ce in gaida gida, ya juya ya nufi shanunsa.